Wanda ruwa ya kora ba a yanka masa ranar dawowa

Wallahi na so in kama bakina. Har na kashe data na kwanta, amma maganar ta tsaya min a wuya kamar ƙayar kifi, to gara in amayar da ita kowa ya huta.

Kun dai ga abin da bawan Allahn nan ya rubuta a ƙarƙashin bidiyon Neville Brothers, makaɗan nan 'yan'uwa huɗu na birnin New Orleans a Amurka, na wasan dawowarsu gida a 2008 bayan ambaliyar Katrina, da na sa shekaranjiya, ba sai na kama suna ba. Wai "sun tsere sun bar garinsu cikin ruwa, sai da aka gama kwashe laka aka fara sayar da tikiti sannan suka dawo suna matsar hawaye a kan dandamali." Bai tsaya nan ba, ya ce kiɗan nasu ma dafa-duka ne, shi ba blues ba, shi ba R&B ba, shi ba reggae ba. Mutum 11 suka danna masa alamar yabo. Har da wani da nake ganin girmansa, wanda na san ko kujerar Makka za a ba shi ba zai iya jero sunayen 'yan'uwan nan huɗu ba.

Sannu Malam Masani. Sannu da aiki. Kana kwance a kan busasshiyar katifa, fanka tana kaɗa ka, ka naɗa wa kanka rawanin alƙalanci a kan mutanen da ruwa ya kai wa gida har rufi.

Wanda ruwa ya kora ba a yanka masa ranar dawowa. Ita ce maganata ke nan, kuma zan yi ta nanata ta har ku gaji da ni.

Ranar 29 ga Agusta 2005 guguwar Katrina ta sauka. Iskar kanta da sauƙi a kan abin da ya biyo baya: katangun tare ruwa da injiniyoyin sojan Amurka suka gina ne suka ɓalle nan da can, ruwa ya kwararo cikin New Orleans, garin da dama can kamar kwano yake, wajen rabinsa teku ta fi shi tudu. Kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, wasu unguwannin suka yi makonni a haka. Sama da mutum 1,000 suka mutu. Bayan shekara guda cur, mutanen da ke cikin garin ba su wuce rabin na da ba. To Malam Masani, dubban nan da suka watsu Houston da Atlanta da Baton Rouge, direbobin bas da masu dafa abinci a otal da malaman makaranta, su ma tserewa suka yi? Ko kuwa sai mai suna ne yake tserewa, talaka shi gudun hijira ya yi?

Bari ma mu bi su ɗaya bayan ɗaya tunda ka haɗa su ka ɗaure da igiya ɗaya. Charles, mai busa saksafon, tun shekaru kafin Katrina yake zaune da iyalinsa a Massachusetts. Daga ina ya tsere? Art, babban yayansu, wanda tun aikin da aka yi masa a gadon baya a 2001 yake dogara sanda, ya koma ya gyara gidansa na titin Valence ya zauna, tun ba a zo maganar wasan 2008 ba. Saura Aaron da Cyril, su biyun nan kuwa ruwa ya gama da gidajensu.

Aaron yana da asma. Matarsa Joel, wadda ya aura tun 1959 yana saurayi, tana fama da kansar huhu a lokacin. Sai ya kwashe ta suka zauna a wajen Nashville. Cikin Janairun 2007 ta rasu, saura 'yan kwanaki aurensu ya cika shekara 48, ya kawo ta New Orleans aka binne ta a gida. Wannan mutumin ne kake cewa ya zo matsar hawaye. Kai da ko akuya ta mutu maka sai ka yi sati kana sa baƙin hoto a shafinka.

Ni dai ba labari aka ba ni ba, na san abin da ruwa yake bari a gida bayan ya tafi. Wata damina shekarun baya ruwa ya shigo mana, iya ƙugu kawai, kwana biyu ya janye. Mun ɗauka an gama. Ashe sannan aka fara. Ya bar zane a jikin bango, layi guda miƙaƙƙe ruwan ƙasa, kamar an sa rula an ja. Katifu suka ƙi bushewa. Buhun masara ya tsira a cikin sito. Hotunan bikin Hajiyarmu da ke ƙasan akwati suka manne da juna, in ka ɓanɓaro ɗaya sai fuskar mutum ta biyo bayan ɗayan. Sai funfuna, baƙa ƙirin, ta fara hawa bango daga ƙasa, da wani wari da har yau in na shiga ɗaki mai danshi sai cikina ya juya. Ƙanwata mai asma ta shiga ɗakinta ɗauko takardun makaranta, ba ta yi minti biyar ba muka ji ƙirjinta yana fito kamar usur. A ranar aka kai ta gidan Gwaggo, ta yi wata huɗu a can. Kun san me wata maƙwabciya ta ce? Wai ita wance ta fi ƙarfin wahala, ta gudu ta bar uwarta da shara. Hajiya ta dube ta kawai ta ce, "Allah ya sa kar ki gani a kan naki." Ruwan kwana biyu ke nan, iya ƙugu. Ku auna da na makonni, haɗe da bahaya da man fetur da gawa. Mutanen Maiduguri da suka ga aikin dam ɗin Alau a Satumban 2024 ba sai na yi musu dogon bayani ba.

Wanda ruwa ya kora ba a yanka masa ranar dawowa.

Na san abin da za ku kawo min, don wani ya riga ya turo min ta inbox: ai mutanen garin da kansu sun yi fushi da su. Ƙwarai kuwa. An yi Jazz Fest, babban bikin kiɗa na shekara-shekara na garin, na 2006 babu su, aka yi na 2007 babu su, alhali su ne suka saba rufe bikin ranar Lahadin ƙarshe shekara da shekaru. Har wasu suka juya musu suna, suka koma kiran su "Never Brothers", wato 'yan'uwan da ba za su taɓa dawowa ba. Na ji. Amma wanda ya faɗi haka yana tsaye ne a cikin laka ɗaya da su, ya rasa abin da suka rasa, yana jin zafin ganin babu muryar da ya saba ji a ranar da ya fi buƙatar ta. Fushin ɗan gida ne, irin wanda ake yi wa ɗan'uwan da bai zo zaman makoki da wuri ba. Kai kuma a su wa? Faɗan cikin gida ne ka leƙo ta katanga ka ari bakin wani kana cin albasa da shi.

Cyril kam ba zan ce bakinsa ba shi da kaifi ba. Ya koma Austin a jihar Texas, ya yi ta faɗa wa hukumomin garinsu maganganu masu ɗaci. A wasan tara gudummawa da aka yi a zauren Madison Square Garden na New York cikin Satumban 2005 ya hau dandamali da riga an rubuta cewa ana share wata al'umma daga New Orleans. Mutane suka ce ya wuce gona da iri. To cikin Disamban 2007 majalisar birnin ta amince a rushe gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi wajen 4,500, waɗanda kusan duk baƙaƙen fata ne a ciki, wasunsu gine-ginen bulo ne masu ƙwari da ruwan bai yi wa wata mummunar illa ba. A cikinsu har da rukunin gidajen Calliope, inda su 'yan gidan Neville suka yi ƙuruciyarsu kafin a koma titin Valence. Kana iya cewa kalmar da ya zaɓa ta yi nauyi. Amma mutum ya ce za a hana talakawa dawowa, aka rushe gidan da ya tashi a ciki yana kallo, sannan kai ka zo kana tambayar me ya hana shi dawowa da wuri?

Kuma da kake cewa sun bar garin, kwana huɗu bayan guguwar Aaron yana gidan talabijin yana rera waƙa kan ambaliyar 1927 don a tara wa mutanen garin kuɗi. Amma bar wannan, ba na son ya zama kamar ina roƙa musu afuwa. Ko sisi ba su tara ba, maganata tana nan.

Sai zancen kuɗi. Wai kuɗi ya dawo da su. To da me kake so ya dawo da makaɗi, da goro? Sana'arsu ke nan, da ita suke ci. Kuma in akwai gidan da ya kamata a ji kunyar yi wa gorin kuɗi, to gidan nan ne. A ƙarshen 1966 Aaron ya fitar da "Tell It Like It Is", ta kai ta ɗaya a jerin waƙoƙin R&B, ta kai ta biyu a jerin Amurka baki ɗaya. Ƙaramin kamfanin da ya buga faifan ya durƙushe, abin da ya shigo hannunsa bai taka kara ya karya ba. Mutumin da muryarsa ke fita a kowace rediyo ya koma dako a tashar jiragen ruwa da haƙan kwalbati don ya ciyar da 'ya'yansa. Charles kuwa a shekarun 1960 an kama shi da naɗin wiwi guda biyu, aka yanke masa shekara 5, ya yi uku da rabi a kurkukun Angola, wadda tsohuwar gonar bayi ce a Louisiana. Naɗi biyu. Waɗannan ne mutanen da kake ganin bai kamata a biya su ba da suka kai shekara 70.

Yanzu dafa-duka. Nan ne ma ka fi ba ni dariya, don ka zagi mutum da kirarinsa.

E, dafa-duka ne. Garin ma gaba ɗaya dafa-duka ne. Faransawa suka kafa shi, Sifaniyawa suka riƙe shi, aka kawo bayi daga yammacin Afirka, Amurka ta saye shi a 1803, sannan mutanen Haiti suka kwararo bayan juyin juya halinsu. Akwai wani fili da ake kira Congo Square inda bayi suke taruwa ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa da ganguna, abin da aka hana a yawancin sauran garuruwan Amurka. Daga wannan tukunyar aka kwaso jazz, aka kwaso irin R&B ɗin su Fats Domino da Professor Longhair. Kai kuma kana neman a ba ka farar shinkafa ba mai ba yaji.

Ka saurare su da kunnen basira ka ji yadda aka yi rabon gado a gidan. Art shi ne ƙashin bayan. Tun yana ɗan makaranta a tsakiyar shekarun 1950 ya rera waƙar da har gobe ake sawa duk shekara lokacin bikin Mardi Gras, daga baya ya kafa The Meters, waɗanda suna cikin iyayen kiɗan funk. In yana kan ogan ɗinsa ba ya cika wuri da surutu. Ya danna, ya ɗaga hannu, ya bar rami, ganga ta faɗa ciki. Shirun nan da yake bari shi ne yake sa ƙafarka motsi ba da izininka ba. Charles shi ne blues ɗin da ka ce babu. Yana ɗan shekara 15 ya bar gida ya bi 'yan wasan yawo, ya yi wa su B.B. King da Bobby Bland busa. In ka ce babu blues a bakin mutumin da ya tsaya bayan B.B. King yana yaro, to sai dai in wani blues ɗin ake sayarwa a unguwarku. Cyril shi ne mai ganguna da zafin kai, shi ya shigo da reggae da zancen Afirka da siyasa. Sai Aaron. Ƙato ne, damatsa kamar turmi, da zanen wuƙa a kumatu tun na ƙuruciya, in ka haɗu da shi a lungu da dare sai ka sauya hanya. Ya buɗe baki kuma sai ka ji wata siririyar murya tana rawa a sama kamar zaren gizo-gizo da iska ke kaɗawa. Daga Sam Cooke da waƙoƙin coci ya ɗauko ta, da irin karya muryar da mawaƙan kaboyi suke yi a finafinan da ya kalla yana yaro.

Abin da ya ɗinke su wuri ɗaya kuwa kawunsu ne, ɗan'uwan mahaifiyarsu, George Landry, wanda ake kira Big Chief Jolly. Shi shugaban wata ƙungiya ce ta Mardi Gras Indians, baƙaƙen fata ne da suke shekara guda suna ɗinka tufafi da duwatsun ado da gashin tsuntsu da hannunsu, su sa su fito titi suna waƙa da bandiri, jagora ya bayar 'yan amshi su karɓa. Bana ka ɗinka, baɗi sabo za ka sake. Mahaifiyarsu ta rasu a 1975 ba ta ga 'ya'yanta a ƙungiya ɗaya ba. A 1976 kawun ya tara su huɗun suka yi masa amshi a faifan Wild Tchoupitoulas, shekara ta zagayo suka zama Neville Brothers. Art yana dab da shekara 40 a lokacin. Saboda haka in ka ji bayarwa da amshin nan a kiɗansu ka ji kamar ka san shi daga wani wuri, kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Duk wanda ya tashi yana jin makaɗi da 'yan amshinsa zai gane tsarin tun kafin ya gane kalma ɗaya ta Turancinsu. Kuma akwai abin da muryoyin 'yan ciki ɗaya suke yi in sun haɗu, wata irin mannewa, wanda ko shekara 20 baƙi suka yi suna gwaji ba za su same shi ba. A nono ake shan wannan.

Ni a kaset na fara jin su. Yayana ne ya dawo da Yellow Moon, faifansu na 1989 wanda Daniel Lanois ya tsara, wanda ya kawo musu lambar yabo ta Grammy ta farko a matsayin ƙungiya. Kwafi ne ma, an rubuta sunan da jan biro an yi kuskuren harafi. Rediyonmu mai cin zare ce, kullum da biro a kusa don naɗe abin da ta tauna. Daren da na fara ji an ɗauke wuta, batir ya yi sanyi har muryar Aaron tana jan ƙafa, amma duk da haka sai da Baba ya leƙo daga ɗakinsa ya ce, "Kai, wannan mace ce ko namiji?" Yaya ya ce namiji ne, Baba. Ya yi shiru ya ɗan saurara, ya ce, "To Allah ya yi masa baiwa, amma ku rage, mutane na barci."

Shi ya sa bidiyon nan na 4 ga Mayu 2008 yake taɓa ni. Filin sukuwar Fair Grounds, yammacin Lahadin ƙarshe ta Jazz Fest, wurin da suka saba. Art yana da shekara 70, Charles 69, Aaron 67, Cyril autansu 59. Ɗaya da sanda, ɗaya bai daɗe da binne matarsa ba, ɗaya rabin garin na jin haushinsa. Jama'a kuma ga su nan har inda ido ya tsaya, da yawansu su ma ba su daɗe da dawowa ba, wasu har lokacin a tirelolin agaji suke kwana. Ba wanda ya tsaya neman bayani. Aka buga, aka karɓa. Waɗanda aka yi abin a kansu sun yafe wa juna a fili da rana tsaka, sai kai, bayan shekaru, daga wata nahiya, ka ce ba ka yafe ba.

Wani kuma ya ce ai ba su fitar da sabon faifai ba bayan dawowar, saboda haka ba dawowa ba ce. Gaskiya ne, na ƙarshe da suka yi a situdiyo na 2004 ne. Sai me? In ɗan'uwanka ya dawo daga gudun hijira tsaraba kake fara tambaya? Sun ci gaba da rufe bikin har 2012, daga 2013 Trombone Shorty, wani matashin makaɗi ɗan garin, ya karɓi wurin. A 2015 aka yi musu wasan bankwana a gidan wasa na Saenger. Charles ya rasu a Afrilun 2018, Art ya bi shi a Yulin 2019, Aaron ya daina yawon wasa a 2021. Ɗan Aaron, Ivan, da ɗan Art, Ian, suna nan suna bugawa tare a ƙungiyar Dumpstaphunk. Gidan bai mutu ba.

Ban ce dole ka so kiɗansu ba. Ni ma akwai faifansu na ƙarshen shekarun 1980, kafin Yellow Moon, da aka yi ƙoƙarin wanke su a yi musu kwalliyar rediyo, ba na iya jin sa har ƙarshe. Ka ce ba su yi maka ba, mu rabu lafiya. Amma kar ka ƙara cewa sun tsere. Wanda ruwa ya kora ba a yanka masa ranar dawowa, kuma ba kai za ka fara ba.

Af, tunda zancen kaset ya taso. Wanda ya ari Yellow Moon ɗin Yaya a wajena lokacin muna aji biyar, ya ce kwana biyu zai yi ya kwafa ya dawo da shi, yana nan a cikinku. Ina ganin sa, jiya ma ya sa hoton sabuwar motarsa. Ni aka daka a kan kaset ɗin nan, har yau Yaya yana tayar da maganar duk Sallah in an zauna cin abinci. Ba na neman kaset ɗin, ko ka kawo ba ni da abin sawa. Ka dai kira shi ka faɗa masa gaskiya, lambarsa ba ta canja ba.